N'Golo Kanté: Gurbin da Aka Ajiye Shi da Wanda Aka Tsayar Kusa da Shi

Duk wanda ya bi gasar Firimiya ta Ingila tsakanin 2015 da 2021 ya san yadda ake siffanta N'Golo Kanté: gajeren ɗan wasan tsakiya wanda ba ya gajiya, mai bin ƙwallo duk inda ta shiga har sai ya ƙwato ta. Wannan siffa gaskiya ce, amma ta yi masa kaɗan, kuma ita ce ta sa masu sharhi da dama suka ɗauke shi a matsayin magajin Claude Makélélé, ɗan ƙasarsu wanda ya shahara a Real Madrid da Chelsea da tsayawa a gaban 'yan baya yana tsare musu ƙofa. Idan aka bi tarihin wasan Kanté a tsanake, daga Caen zuwa Leicester, daga Chelsea zuwa tawagar Faransa, za a ga cewa ya fi haskakawa a lokutan da aka sakar masa mara ya fita neman ƙwallo a gaba, aka kuma tsayar da wani kusa da shi domin ya riƙe gurbin da ya bari. A duk lokacin da aka saɓa wa wannan tsari, ko dai ƙungiyar ta sha wahala, ko kuma aka shiga muhawara a kan cewa ana ɓata masa baiwa.

An haife shi a Paris ranar 29 ga Maris, 1991, iyayensa 'yan Mali ne da suka yi ƙaura zuwa Faransa, kuma ya tashi a Rueil-Malmaison da ke yammacin birnin. Unguwannin da suka kewaye Paris su ne rijiyar da ƙwallon Faransa ke ɗiban 'yan wasa daga ciki, domin daga nan Paul Pogba da Kylian Mbappé da Riyad Mahrez suka fito. Ƙasar tana da tsarin da ke tsinto yara tun suna da shekara 12 ko 13, a kai su cibiyar horarwa ta ƙasa da ke Clairefontaine ko makarantun manyan ƙungiyoyi, sai dai wannan tsari ya wuce Kanté bai gan shi ba. Tsawonsa bai wuce mita 1.68 ba, ba shi da surutu a fili, kuma irin aikin da yake yi ba ya ɗaukar idon mai neman yaro a gwajin kwana ɗaya. Saboda haka ya zauna a ƙaramar ƙungiyar unguwa ta JS Suresnes tun yana da shekara 8 har ya kai 19, yana haɗa wasa da karatu. A 2010 ne ya koma Boulogne da ke arewacin Faransa, inda ya fara da tawaga ta biyu ta ƙungiyar, bai kuma buga wasansa na farko na ƙwararru ba sai a watan Mayun 2012, lokacin da ƙungiyar ta riga ta faɗo daga rukuni na biyu. Ya shafe kakar 2012/13 a rukuni na uku, sannan Caen ta ɗauke shi, ya buga dukkan wasanni 38 na kakar da ta hau babbar gasar ƙasar a 2014.

Wannan jinkiri yana da muhimmanci wajen fahimtar abin da ya biyo baya. Kanté bai taɓa saka rigar Faransa a matakin matasa ba, kuma yana da shekara 23 lokacin da ya fara taka leda a babban rukuni. Yaron da ya fito daga makarantar babbar ƙungiya yakan zo da gurbi da aka riga aka sassaƙa masa, an koya masa inda zai tsaya da inda ba zai ƙetara ba. Shi kuwa Kanté ya koyi wasa ne a ƙungiyoyin da ba su cika riƙe ƙwallo ba, inda ɗan tsakiya yake ƙwace ta, ya ja ta da kansa ya ratsa fili, sannan ya dawo da gudu idan ta kuɓuce. Da wannan ɗabi'a ya isa Ingila.

A watan Agustan 2015 Leicester City ta saye shi a kan kusan fam miliyan 5.6, bisa shawarar Steve Walsh, jami'in da ke nemo wa ƙungiyar 'yan wasa, wanda shi ne ya kawo Mahrez daga Le Havre a farkon 2014. Ƙungiyar tana neman wanda zai maye gurbin Esteban Cambiasso, kuma da farko koci Claudio Ranieri bai ba Kanté tsakiyar fili ba. Daga benci ya fara, ya kuma ɗan taɓa wasa ta gefen hagu kafin a haɗa shi da Danny Drinkwater. Tsarin Ranieri ba shi da sarƙaƙiya: 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba biyu. Ƙungiyar takan ja baya ta matse, ta bar wa abokan hamayya ƙwallo, sannan da zarar ta ƙwace ta sai a cilla wa Jamie Vardy ko Mahrez kafin masu tsaron baya su koma wurarensu. Matsalar irin wannan tsari a zamanin yau ita ce yawancin ƙungiyoyi suna zuba mutum uku a tsakiya, don haka mutum biyu sukan rasa wanda za su bi. Leicester ta tsira daga wannan ne saboda rabon aiki tsakanin mutanen biyu: Drinkwater yana riƙe wuri yana jefa dogayen ƙwallaye, Kanté kuma yana fita dama da hagu yana katse hanya. Walsh ya taɓa faɗa cikin raha cewa mutum uku suke sakawa a tsakiya, Drinkwater a tsaka, Kanté kuma a kowane gefe nasa. A ƙarshen kakar Kanté ya fi kowa a gasar yawan ƙwace ƙwallo daga ƙafar abokin hamayya, sau 175, ya kuma fi kowa yawan tare ta a hanya. Leicester ta ɗauki kofin da maki 81, tazarar maki 10 tsakaninta da Arsenal, wasa uku kacal aka ci ta.

Ya kamata a tsaya a kan waɗannan alƙaluma, domin ana yawan ambaton su ba tare da an fayyace abin da suke nufi ba. Yawan ƙwacen ƙwallo ya danganta da tsawon lokacin da ƙungiya take yi ba tare da ita ba, kuma Leicester tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo a wannan kaka. Saboda haka raguwar waɗannan lambobi bayan ya koma Chelsea ba ta nuna cewa ya ja baya ba. Abin da ya bambanta shi shi ne lokacin da yake zaɓa ya afka. Ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo yana da ɗan taƙi, tsakanin isowarta da daidaita ta a ƙafa, wanda idonsa yake ƙasa kuma jikinsa bai gama juyawa ba. Kanté yakan fara gudu tun ƙwallon tana hanya, ya iso daidai wannan taƙin, sau da yawa ta ɓangaren da mutumin ba ya gani, ya zare ta ba tare da ya kwanta ƙasa ba. Tsayawarsa a kan ƙafafunsa ita ce ke ba shi damar wucewa da ƙwallon nan take, kuma a nan ne ƙwace ke zama hari. Makélélé yakan jira hari ya zo masa, ya kashe shi, ya miƙa gajeriyar ƙwallo ga na kusa. Aikin biyu sun yi kama a takarda, amma buƙatunsu daban ne, domin mai fita farauta dole ya bar gida ba kowa idan ba a ajiye masa mai tsaro ba.

Abin da ya faru da Leicester bayan tafiyarsa ya nuna nauyin da yake ɗauke da shi. A bazarar 2016 ƙungiyar ta riƙe Vardy da Mahrez da Drinkwater, ta ƙara da Ahmed Musa daga CSKA Moscow da Islam Slimani, ta kuma sayo Nampalys Mendy domin tsakiya, amma tsarin mutum biyu ya daina aiki. An sallami Ranieri a watan Fabrairun 2017, wata tara bayan ɗaukar kofi, kuma ƙungiyar ta ƙare a mataki na 12. Sai da Wilfred Ndidi ya zo daga Genk a watan Janairun 2017 sannan aka samu wanda ya rage giɓin.

Chelsea ta biya kusan fam miliyan 32 a watan Yulin 2016, kuma watanni biyu na farko a hannun koci Antonio Conte su ne gwajin farko na tunanin cewa Kanté mai gadin ƙofa ne. Conte ya fara da 'yan baya huɗu, ya ajiye Kanté shi kaɗai a gabansu. A watan Satumba Liverpool ta ci Chelsea har gida, sannan Arsenal ta zura mata uku ba ko ɗaya, kuma a ƙwallo ta uku Mesut Özil ya juya ya bar Kanté a baya, fili ya buɗe babu mai rufewa. Bayan wannan wasa Conte ya koma tsarin 'yan baya uku, César Azpilicueta da David Luiz da Gary Cahill, ya sa Victor Moses da Marcos Alonso suna hawa da sauka a gefuna, ya kuma jera Kanté da Nemanja Matić a tsakiya. Yanzu idan Kanté ya fita, akwai Matić a gefensa da mutum uku a bayansa. Chelsea ta ci wasa 13 a jere, ta ɗauki kofin da maki 93, alhali a kakar da ta gabata ta ƙare ne a mataki na 10. John Mikel Obi, wanda ya shafe shekara goma yana irin aikin Makélélé a ƙungiyar, bai samu gurbi a wannan tsari ba, ya tafi China a watan Janairun 2017. Kanté ya zama ɗan wasan fili na farko tun bayan Eric Cantona da ya ɗauki kofin Ingila sau biyu a jere da ƙungiyoyi biyu daban, kuma 'yan wasa da marubuta wasanni duka suka zaɓe shi gwarzon kakar, lambar da ba kasafai take zuwa ga wanda ƙwallo ɗaya ya ci a gasar ba.

A kakar da ta biyo baya an sayar da Matić ga Manchester United, waɗanda aka kawo a madadinsa, Tiémoué Bakayoko da Drinkwater, ba su zauna da gindinsu ba, Chelsea ta ƙare ta biyar duk da ta ɗauki Kofin FA.

Muhawara mafi zafi a kan gurbin Kanté ta taso ne a kakar 2018/19, lokacin da Maurizio Sarri ya zo daga Napoli tare da Jorginho. Sarri yana son ƙungiyarsa ta riƙe ƙwallo da gajerun bugu masu sauri, kuma a tsarinsa mutumin da ke gaban 'yan baya shi ne mai raba ƙwallo, wanda kusan kowane hari ke bi ta ƙafarsa. Ya ba Jorginho wannan gurbi, ya matsa da Kanté zuwa dama a cikin 'yan tsakiya uku, inda ake buƙatar ya shiga da'irar abokan hamayya. Duk ranar da aka ratsa tsakiyar Chelsea, musamman ranar da Manchester City ta zura mata shida a watan Fabrairun 2019, sai masu sharhi su ce an ɗauke mafi iya tsaro a duniya daga wurinsa. A ganina wannan suka ta kama rabin gaskiya ne kawai. Gurbin da suke cewa a mayar da shi, wato shi kaɗai a gaban 'yan baya, ba nasa ba ne tun asali, kuma an gwada shi a can a farkon zamanin Conte an ga sakamako. Kuskuren Sarri yana wani wuri dabam: ya nisanta Kanté da Jorginho, ya bar mutumin da ba shi da gudu yana tsare fili mai faɗi, shi kuma Kanté yana karɓar ƙwallo da bayansa ga raga a cikin cunkoso, abin da ba shi ne ƙarfinsa ba. Duk da haka ya ci ƙwallo huɗu a gasar, mafi yawa da ya taɓa ci a kaka ɗaya a Ingila, Chelsea ta ƙare ta uku, ta kuma doke Arsenal da ci 4 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Europa a Baku, wasan da ya buga gaba ɗayansa da ciwon gwiwa.

Daga wannan lokaci ne jikinsa ya fara karɓar bashi. Salon wasan da ya dogara da tashi da gudu daga tsaye, da birki, da sauya hanya sau da dama a cikin minti 90 yana cin tsokar cinya da idon sawu, kuma tun daga 2013 kusan ba ya hutawa. A kakar 2019/20 ƙarƙashin Frank Lampard wasa 22 kawai ya buga a gasar Firimiya.

Thomas Tuchel, wanda ya karɓi ƙungiyar a watan Janairun 2021, shi ne ya warware matsalar da Sarri ya bari, kuma da mutanen nan biyu ya warware ta. Ya dawo da 'yan baya uku, ya jera Jorginho da Kanté kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana zaune yana raba ƙwallo, ɗayan yana da izinin fita. Watanni huɗun da suka biyo baya su ne ƙololuwar wasan Kanté. A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai ya fuskanci Casemiro da Toni Kroos da Luka Modrić na Real Madrid, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasa a karawar farko da aka tashi 1 da 1 da ta biyu da Chelsea ta ci 2 da nema a Landan. Ƙwallaye biyun na Landan sun isa hujja ga duk mai ganin aikinsa tsaro ne kawai. A ta farko shi ya ratsa tsakiya bayan musayar ƙwallo da Timo Werner, ya miƙa wa Kai Havertz, wanda bugunsa ya daki turke na sama kafin Werner ya ƙarasa da ka. A ta biyu shi ya ƙwace ƙwallon a kusa da da'irar Madrid, ya ba Christian Pulisic, shi kuma ya shimfiɗa wa Mason Mount. A wasan ƙarshe, ranar 29 ga Mayu, 2021 a birnin Porto, Pep Guardiola ya fito da Manchester City ba tare da Rodri ko Fernandinho ba, wato masu tsaya masa a gaban 'yan baya, Havertz ya ci ƙwallo ɗaya tilo kafin hutun rabin lokaci, aka sake ba Kanté gwarzon wasa. Ya zo na biyar a zaɓen Ballon d'Or na wannan shekara, sannan ya ƙara da Kofin Duniya na Ƙungiyoyi a Abu Dhabi a watan Fabrairun 2022.

Labarinsa da tawagar Faransa yana bin wannan zare, amma da ɗan karkacewa. Mali ta nemi ya buga mata tun yana Caen, ta sake nemansa a farkon 2016, bai amsa ba. Kocin Faransa Didier Deschamps ya kira shi a watan Maris na 2016, ya shigo daga benci a wasan sada zumunci da Holan a Amsterdam, sannan bayan kwana huɗu, ranar da ya cika shekara 25, ya fara wasa da Rasha a Stade de France ya kuma ci ƙwallo. A gasar Kofin Turai ta 2016 da aka yi a gida, Deschamps ya ajiye shi a gindin 'yan tsakiya uku, bayan Pogba da Blaise Matuidi. A zagaye na biyu Ireland ta shiga gaba, Kanté ya karɓi katin gargaɗi na biyu a gasar, aka cire shi a hutun rabin lokaci aka matso da Antoine Griezmann tsakiya, kuma Griezmann ya ci biyu. Tunda sabon tsarin ya yi aiki, Deschamps bai koma tsohon ba. Kanté bai buga da Iceland ba saboda dakatarwa, ya shigo a ƙarshen wasa da Jamus, kuma yana benci daga farko har ƙarshe lokacin da Eder ya ci wa Portugal kofin a ƙarin lokaci.

A Kofin Duniya na Rasha a 2018 ya buga dukkan wasanni bakwai, kuma a nan ne dole mai wannan ra'ayi ya yi adalci, domin a gefen Pogba shi ne ya fi zama a baya. Abin da ya sa hakan ya yi aiki shi ne yadda Deschamps ya gina sauran tawagar bayan wasan farko da Ostareliya, wanda bai gamsar ba. Ya dawo da Olivier Giroud gaba, ya sa Matuidi, wanda ɗan tsakiya ne, a gefen hagu yana shigowa ciki, ya umarci Pogba da ya rage yawo, kuma Faransa ta yarda ta bar wa abokan hamayya ƙwallo ta jira su, kamar dai yadda Leicester ta yi, sai dai da Mbappé a madadin Vardy. Filin da Kanté zai tsare ya zama ƙarami, kuma idan ya fita akwai mai rufe masa. Da haka suka wuce Ajantina da ci 4 da 3 a Kazan, Uruguay da 2 da nema, sannan Beljiyam ta Kevin De Bruyne da Eden Hazard da ci ɗaya mai ban haushi. Wasan ƙarshe da Kuroshiya ranar 15 ga Yuli shi ne mafi rauni da ya buga a gasar, kuma an ruwaito cewa ciwon ciki ya kwana da shi. Ya karɓi katin gargaɗi a minti na 27 saboda ƙetar da ya yi wa Ivan Perišić, kuma daga wannan bugun tazara ne Perišić ya kauce masa ya farke ƙwallon farko. A minti na 55 Deschamps ya cire shi ya sa Steven Nzonzi, dogo mai zama wuri ɗaya, tsakiyar ta daidaita, Pogba da Mbappé suka ƙara biyu, aka tashi 4 da 2.

Kofin Turai da aka jinkirta zuwa 2021 ya nuna iyakar abin da mutum ɗaya zai iya rufewa. Matuidi ba ya nan, Karim Benzema ya dawo, gaba ta cika da mutum uku waɗanda ba sa komowa baya sosai. A Bucharest Faransa tana gaba da ci 3 da 1 saura minti goma, Siwizalan ta farke duka biyun, ta kuma fitar da ita a bugun fenariti. Kanté ya zo gasar kusan mako biyu bayan daren Porto, ana ma maganar zai iya ɗaukar Ballon d'Or, amma ba a gina masa irin katangar da Tuchel ya gina ba.

A watan Agustan 2022, a wasa da Tottenham, tsokar cinyarsa ta tsage, aka yi masa tiyata, ya rasa Kofin Duniya na Katar, inda Aurélien Tchouaméni da Adrien Rabiot suka riƙe tsakiya har zuwa wasan ƙarshe. Watanni kaɗan kafin haka Tuchel ya koka cewa Kanté a wurin Chelsea kamar Mohamed Salah ne a wurin Liverpool ko De Bruyne a wurin City, amma ba ya samun buga ko da rabin wasanni. Bai dawo ba sai a watan Afrilun 2023, kwantiraginsa ya ƙare bayan wasa 269 da ƙwallo 13, ya tafi Al-Ittihad ta Jidda tare da Benzema, a daidai lokacin da ya sayi ƙaramar ƙungiyar Virton ta Beljiyam. Mutane da yawa sun ɗauki tafiya Saudiyya a matsayin ritaya, amma a can ne ya samu abin da ya rasa shekara huɗu, wato kaka cikakkiya ba tare da doguwar jinya ba.

Wannan ne ya sa Deschamps ya ba kowa mamaki a watan Mayun 2024, ya saka sunansa cikin tawagar Kofin Turai bayan kusan shekara biyu bai saka rigar ƙasar ba. Yana da shekara 33 aka zaɓe shi gwarzon wasa a karawar farko da Ostiriya, wadda Ralf Rangnick ya horar da ita a kan matsa lamba ba sassauci, aka sake zaɓensa a wasan da aka tashi babu ci da Holan. Da Tchouaméni ya warke ya karɓi gindin tsakiya, Kanté ya matsa gaba kaɗan, ya koma irin aikin da ya yi wa Conte da Tuchel. Matsalar Faransa a gasar ta kasance a gaban raga, domin har ta kai wasan kusa da na ƙarshe babu ɗan wasanta da ya ci ƙwallo ana cikin wasa, sai fenariti ɗaya na Mbappé da ƙwallaye biyu da abokan hamayya suka ci gida. A wannan wasa da Sifaniya a Munich Randal Kolo Muani ya fara ci, Lamine Yamal da Dani Olmo suka juya wasan cikin minti huɗu, Sifaniya ta wuce da ci 2 da 1. A kakar 2024/25, ƙarƙashin Laurent Blanc, Al-Ittihad ta ɗauki gasar Saudiyya da Kofin Sarki, Fabinho yana zaune a gaban 'yan baya, Kanté kuma yana fita daga gefensa.